Ina son barin aikin jinya na koma aiki a makaranta, amma asibiti sun riƙe takarduna

Tambaya: Barista, shekarata 6 ina aikin jinya a wani asibiti mai zaman kansa. Aikin dare ya raba ni da 'ya'yana, ƙaramin ma wurin kakarsa yake kwana. Na samu aiki a wata firamare, in riƙa duba yara a ɗakin magani ina taimaka wa malamai, a tashi ƙarfe biyu. Sai dai asibitin ne suka biya min karatun ungozoma, na sa hannu zan yi musu shekara 2, na yi ɗaya. An ce min yarjejeniyar banza ce tunda doka ta hana aikin dole. Takarduna na asali suna hannunsu. Zan iya tafiyata kawai?

Amsa: 'Yar uwa, wanda ya gaya miki haka ya faɗi rabin gaskiya ne, kuma rabin da ya bari shi ne mai ciwo. E, sashe na 34 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya hana tilasta wa mutum aiki, don haka babu mai ɗaure ki a asibitin. Kotuna ma sun sha cewa ajiye aiki yana tabbata da zarar takardar ta isa hannun wanda ya ɗauki mutum aiki, ko ya so ko bai so ba. Amma wannan bai goge kuɗin da aka kashe miki ba. Kotun Ƙwadago ta Ƙasa (National Industrial Court), wadda ita ce ke da hurumin irin wannan shari'a, takan mutunta yarjejeniyar karatu matuƙar sharuɗanta ba su wuce kima ba, kuma ba tursasa mutum aka yi ya sa hannu ba. Ban ga takardarki ba, don haka ba zan yanke hukunci a kanta ba. Amma shekara 2 a kan karatun ungozoma, a ganina, da wuya alƙali ya kira shi zalunci.

Abin da za a yi ja-in-ja a kai shi ne nawa za ki biya. Tunda kin cinye rabin wa'adin, akwai hujja mai kyau ta cewa rabin kuɗin ne ya rage, sai fa idan takardar ta fito fili ta ce a mayar da duka. Ko ta ce hakan ma, ana iya ƙalubalantarta, sai dai ba na ba da tabbacin nasara.

Maganar sanarwar barin aiki kuma, kada ki dogara da wata ɗaya da Dokar Ƙwadago ta yanka wa wanda ya kai shekara 5. Dokar ta ware masu aikin ƙwarewa daga ma'anar ma'aikaci, kuma mai yiwuwa ne a sa ki cikinsu. Takardar ɗaukarki aiki ce madogara. Ki bayar da sanarwar a rubuce, a buga miki hatimi a kwafinki, kamar yadda aka saba.

Riƙe takardunki kuwa, gaskiya abin yana ba ni mamaki yadda masu asibiti suke ganin wannan dabara ce. Takardar shaida mallakinki ce, mai bin bashi kuma ya san hanyar kotu. Duk da haka ki duba ko kin amince musu da riƙewar a rubuce, domin hakan zai ɗan canza lissafi.

Kuɗin fanshonki, in asibitin suna zubawa, ba za su salwanta ba. Asusun naki ne, yana bin ki ƙarƙashin dokar fansho ta 2014. Kashi 25 cikin ɗari da ake yarda a cira daga asusun kuwa na wanda ya yi wata 4 babu aiki ne, ke kuma kin samu. Ki ci gaba da sabunta lasisinki na Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma, tunda za ki taɓa magani. Idan kuma makarantar ta fara miƙa miki alli, ki tuna koyarwa tana buƙatar rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya.

Shawarata, kada ki fara da kotu. Ki nemi zama da mai asibitin, da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ki gabatar da tayin biyan rabin kuɗin kaɗan-kaɗan, su kuma su miƙa takardunki a ranar da aka sa hannu. In suka ƙi, kotun da na ambata tana da cibiyar sasanci. Kafin nan, kada ki daina zuwa aiki, kuma ki karɓi takardar ɗaukar aiki daga makarantar tukuna, mai nuna albashi da ko ana biyansa lokacin hutu.