Hukuncin Waƙoƙin Jinjina Wa Mata Da Neman Daidaiton Haƙƙi

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni malamar makarantar 'yammata ce, kuma an ɗora mini shirya taron ranar mata ta duniya, wato 8 ga watan Maris. Ɗalibaina sun kawo mini waƙoƙin da ake yabon juriyar mace a cikinsu, ana kiran a daina zaluntarta, a ba ta haƙƙi daidai da namiji, kuma suna so su rera su a wurin taron. Wasu akwai kiɗan fiyano da jita, wasu kuma murya ce zalla. Wata abokiyar aikina ta ce duk haramun ne, domin waƙa ce, kuma aƙidar Turawa ce. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Malama, abokiyar aikinki ta yi wa waƙoƙin kuɗin goro, alhali shari'a tana duba abin da baitin yake faɗa dabam, ta duba kayan kiɗan da aka ɗora masa dabam, sannan ta duba wanda yake rerawa da kuma gaban wa ake rerawa.

Asalin waƙa magana ce, mai kyaunta mai kyau ce, mummunarta mummuna ce, kamar yadda malamai suka faɗa game da shi'iri. Bukhari ya ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu cewa Annabi (SAW) ya shiga wurinta washegarin tarewarta, ya zauna, ga wasu 'yammata suna buga duffi, wato ganga mai fuska ɗaya irin bandiri, suna waƙe iyayenta da aka kashe a yaƙin Badar. Can sai ɗaya ta sako baitin da ke cewa a cikinmu akwai Annabin da ya san abin da zai faru gobe, sai ya ce mata ta bar wannan, ta koma kan abin da take faɗa da farko. Bai tashi taron ba, bai karɓe duffin ba, baiti ɗaya ya cire saboda ya taɓa sanin gaibu, wanda na Allah ne shi kaɗai. Wannan shi ne aikin da ke gabanki, wato ki zauna da waƙoƙin nan ki bi su baiti-baiti.

Duk baitin da ke yabon haƙurin uwa, ko jaruntakar mace, ko yake kiran a bar yarinya ta yi karatu, a daina dukan mata, a daina yi musu auren dole, a daina cinye gadon marayu mata, to, wannan gaskiya ce da Musulunci ya daɗe da faɗa, kuma jin ta daga bakin wanda ba Musulmi ba ba ya mayar da ita ƙarya. Khansa'u 'yar Khizamu ta kai ƙarar mahaifinta da ya aurar da ita ba da sonta ba, Annabi (SAW) ya warware auren. Khaulatu 'yar Sa'alaba ta zo tana kukan cewa mijinta Ausu ɗan Samitu ya ci ƙuruciyarta, ta haifa masa 'ya'ya, da ta tsufa sai ya yi mata zihari, wato ya haramta ta ga kansa ta hanyar kamanta ta da mahaifiyarsa. Nana A'isha tana gefen ɗakin ba ta ma jin wasu kalmomin, amma Allah ya ji, ya saukar da farkon Suratul Mujadala. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i kuwa ta ba wanda aka zalunta izinin ɗaga murya da abin da aka yi masa. Ni ban ga yadda za a ce wa macen da aka danne ta yi shiru da sunan addini ba, bayan waɗannan nassoshi. Ko a tarihin malamanmu, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da mata ta hannun jajjojinta na 'Yan Taru, wato matan da ta horar suke zagayawa suna koyar da 'yan'uwansu mata.

Inda ake buƙatar natsuwa shi ne kalmar daidaito, domin ana nufin abu biyu da ita. Idan ana nufin mace da namiji ɗaya suke a mutunci, da tsaron jini da dukiya, da wajabcin neman ilimi, da lada a wurin Allah, da tsayawa gaban alƙali, da biyan ladan aiki iri ɗaya ba tare da tauyewa ba, to, haka ne, kuma aya ta 35 ta Suratul Ahzabi ta jero maza da mata kafaɗa da kafaɗa har siffa goma. Idan kuwa baitin yana cewa rabon gado da ke aya ta 11 ta Suratun Nisa'i zalunci ne, ko yana yi wa hijabi izgili, ko yana cewa mace ba ta da mai yi mata iyaka ko da Ubangijinta ne, ko yana zagin maza ɗungurungum, to, rera shi haramun ne ko da babu kiɗa ko kaɗan, kuma ƙaryata hukuncin Allah da gangan abu ne mai hatsari ga imani. Yana da kyau ki nuna wa ɗalibanki cewa ba ko'ina namiji yake ninka mace a gado ba: uwa da uba kowanne sudusi yake ɗauka idan mamacin ya bar ɗa namiji, 'yan'uwa ta wajen uwa kuma maza da mata daidai suke raba sulusi, sannan sadaki da ciyarwa duk a wuyan namiji suke.

Game da kayan kiɗa, mazhabobi huɗu a mashhurin zancensu sun hana kayan tsirkiya da na busa, suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Bukhari wanda ya ambaci mutanen da za su halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa, da kuma fassarar da Ibnu Mas'ud ya yi wa aya ta 6 ta Suratu Luƙman. Ibnu Hazmi, wanda ya rasu a shekara ta 456 bayan hijira, ya ce hadisin yankakke ne, ya halatta kiɗa, amma Ibnus Salahi da wasu malaman hadisi sun mayar masa da martani, suka tabbatar da ingancinsa. Abin da nake rinjayarwa shi ne zancen jumhur, wato mafi yawan malamai, don haka ki ajiye fiyano da jita. Duffi an yi rangwame a kansa ga mata a lokutan farin ciki, kamar yadda ya tabbata a ranar idi a ɗakin Nana A'isha, lokacin da Abubakar ya tsawata wa 'yammata biyu masu waƙar yaƙin Bu'asu, Annabi (SAW) ya ce ya ƙyale su. Duk da haka, tunda saɓanin tsoho ne, bai dace a riƙa kafirta wanda ya bi ɗaya ra'ayin ba.

Muryar mace ba al'aura ba ce, sahabbai sun ɗauki ilimi daga bakin matan Annabi (SAW). Abin da aya ta 32 ta Suratul Ahzabi ta hana shi ne lanƙwasa murya, kuma rera waƙa a gaban mazan da ba muharramai ba yana kusa da haka, balle a haɗa da rawa. Saboda haka idan taronku na mata ne zalla, manyan ɗalibai su rera baitocin da kika tace, da murya kaɗai ko da duffi, babu laifi. Idan akwai maza a zauren, ki ba ƙananan yaran da ba su balaga ba su rera, manyan kuma su karanta nasu a matsayin rubutacciyar waƙa ba tare da rangaji ba. Ki kuma hana ɗaukar bidiyon balagaggun a watsa a intanet, domin taron da aka ɗauka da waya ya daina zama na mata zalla.

Wallahu a'alam.