Maƙwabciyata 'Yar Anyako Ta Gayyace Ni Garinsu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Agege. Shekara takwas muna gida ɗaya da wata mai sayar da kyafaffen kifi, duk zatona 'yar Kwatano ce. Sai ranar da na taya ta kwanan jinyar ɗanta ta ce min ita 'yar Gana ce, ƙabilar Ewe, garinsu Anyako. Yanzu ta roƙe ni in raka ta gida a watan Nuwamba lokacin bikinsu, maigida ma ya amince. Su wane ne mutanen nan, kuma me zan tarar a can?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Wasiƙarki ta tuna min malaminmu na lissafi a firamare, mutumin wannan yanki. Ranar da zai tafi a 1983, lokacin da aka kori baƙi marasa takarda, ya zana mana taswirar garinsu a allo da alli: teku a ƙasa, tafki a sama, tsakaninsu wani siririn zirin yashi da mutane ke zaune a kai. Ya goge rabin zirin da tafin hannunsa, ya ce teku ta riga ta cinye nan. Ban taɓa mantawa ba.

Anyako ƙaramin gari ne a bakin tafkin Keta, tafkin bakin teku mafi girma a Gana, cikin yankin Volta. Daga nan Legas za ku bi Seme, Kwatano, Lome, ku shiga Gana ta Aflao. Mutanen wurin su ne Anlo, wani reshe na Ewe, kuma harshensu dangin harshen Egun ne da kike ji a bakin masuntan Makoko da Badagry. Ba ki yi nisa da gaskiya ba da kika zaci 'yar Kwatano ce.

Bikin da ta faɗa miki sunansa Hogbetsotso, ana yin babban taronsa a Anloga ranar Asabar ta farko a Nuwamba, gaban babban sarkinsu da ake kira Awoamefia. Tushensa labarin hijira ne. Kakanninsu suka ce sun zauna a Notsie, cikin Togo ta yau, ƙarƙashin wani azzalumin sarki, Agokoli, a gari mai ganuwa. Mata suka riƙa zubar da ruwan wanki a wuri ɗaya jikin ganuwar har ta jiƙe ta yi laushi, aka fasa ta da dare, jama'a suka fita suna tafiya da baya don mai bin sawu ya ɗauka shigowa aka yi. Har yau za ki ga ana taka rawa da baya a bikin. Wannan wurin na labarin nake so ƙwarai, domin da ruwan wankin mata aka ci ganuwar da ta gagari maza.

A can ruwa shi ne gona. Kwalekwale, koma, karfasa, ƙaguwa, sannan idan tafkin ya ja baya da rani a kwashi gishiri. Wajen Anloga kuma ƙananan albasa suke nomawa a cikin yashi, suna ban ruwa daga 'yan rijiyoyi. Amma ruwan tafkin na gishiri ne, don haka kada ki yi wasa da ruwan shan da aka ba ki, da wahala ake samo shi. An san Anyako da kiɗa matuƙa. Za ki ji ƙarfe mai baki biyu irin kugen gidan sarautarmu yana jan ganguna a rawar agbadza. 'Yan mishan na Bremen daga Jamus sun kafa tasha a garin tun 1857, shi ya sa boko da coci suka daɗe a wurin.

Idan da hali ki leƙa Keta ki ga kurkukun bayi na Prinzenstein da Turawan Denmak suka gina a 1784. Teku ta rushe wani sashensa, kamar yadda ta haɗiye gidaje da tituna na garin. Akwai zangon Hausawa a garuruwan hanyar, masallaci da abincin da kika saba ba za su yi miki wuya ba.

Shawarata ki je. Matar da ta bar garinsu ta zauna da ke shekara takwas, in ta ce zo ki ga uwata, ta ɗauke ki 'yar uwa ne. Ki riƙe turmin atamfa da goro don tsofaffin gidan. Suna raɗa suna da ranar haihuwa kamar mu, Kofi da Afi su ne Ɗanjuma da Jummai, to ki tambayi Inna ranar da aka haife ki kafin ki tafi, don za su so su sani. Da kun isa za a ce miki "Woezɔ", wato barka da zuwa, sai ki amsa da "Yoo". In an miƙo miki ruwa ki sha kafin a fara gaisuwa, ki ce "Akpe", wato na gode.