Tambaya da Amsa: Bikin Kirsimeti ya same mu a Habasha

Tambaya: Baba, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni matar mai bishara ce, 'yar kudancin Kaduna. Shekara biyu ke nan da hukumar bishara ta ekkilisiyarmu ta aiko mu kudancin Habasha, inda maigidana yake koyarwa a wata makarantar Littafi Mai Tsarki, muna tare da 'ya'yanmu uku. Bara, ranar 25 ga Disamba ta zo ta wuce kamar kowace rana: kasuwa ta ci, yara sun tafi makaranta, babu wanda ya ce mana barka. Da na kira gida na ji muryar mahaifiyata, wadda girma ya kama, ga waƙar 'yan Zumunta Mata tana tashi kusa da ita, sai na yini ina kuka. Maigidana ya ce raunin bangaskiya ne, domin wanda ya kama garma ba ya waiwaye. Yanzu Disamba ta sake ƙaratowa, ina tunanin mu kwashe ɗan abin da muka tara mu je gida. Shin kewar gida zunubi ce ga wanda Ubangiji ya kira?

Amsa: 'Yata, na amsa gaisuwarki, kuma ina gaida maigida da yara. Kewar gida ba zunubi ba ce, kuma ban yarda da fassarar da maigidanki ya yi wa hawayenki ba, ko da yake na san da kyakkyawar niyya ya faɗa. Ku zauna tare ku karanta sura ta 4 ta wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Timoti. Manzon da ya yi shekaru yana ratsa ƙasashe da teku yana tsare a kurkuku, sai ga shi yana roƙon ɗansa cikin bangaskiya ya yi ƙoƙari ya zo da sauri, ya taho masa da alkyabbar da ya bari a Taruwasa, ya kuma iso kafin lokacin sanyi. Kaɗaici ya dame shi, bai ɓoye ba, bai kuma bar aikin ba. Waiwayen da Yesu ya yi gargaɗi a kansa shi ne na wanda ya saki garmar, ke kuwa hannunki yana kanta.

Mutanen da kuke zaune cikinsu ba raina haihuwar Almasihu suka yi ba. Kalandarsu ce dabam, mai wata goma sha uku, kuma bikin da suke kira Genna yana zuwa ne ranar 7 ga Janairu. Mabiya Cocin Otodoks sukan yi azumin kwana 43 kafin ranar, suna ƙaurace wa nama da madara da ƙwai, shi ya sa a ƙarshen Disamba ba ki ji ƙamshin suya a unguwa ba. Ekkilisiyoyin bishara na ƙasar, irin su Kale Heywet wadda ta tsiro daga aikin da mishan ɗin SIM, wato ƙungiyar masu bishara ta Sudan Interior Mission, ya fara a can a 1927, su ma ranar 7 ga Janairu suke yin nasu bikin.

Saboda haka shawarata ita ce ku yi biki biyu, kowanne da irin nasa nauyi. Ranar 25 ga Disamba ta gidanku ce. Ki nemi izini daga makaranta tun da wuri, ki ɗinka wa yara sabon kaya, ki soya cin-cin, ki dafa shinkafa da miyar kaza yadda mahaifiyarki take yi, ku yi sujadar iyali da waƙoƙin Hausa. Sa'an nan ki zuba abincin a kwanuka ki aiki yara su kai wa maƙwabta, kamar yadda muke kai wa 'yan'uwanmu Musulmi a gida, sai dai ki tuna da masu azumi, ki ware musu wake da shinkafa da man gyaɗa. Wannan al'adar tamu ta rabon abinci tana buɗe ƙofar da wa'azin wata guda bai buɗe ba. Ranar 7 ga Janairu kuwa ta masu masaukinku ce, ku ba su ita gaba ɗaya. Ki yafa farin mayafin da matansu suke yafawa, ki ci injera, wato faffaɗar wainarsu mai ɗan tsami, da miyar kazarsu mai yaji da dafaffen ƙwai, idan kuma aka zaunar da ke shan kofi kada ki tashi sai an yi zagaye na uku, wanda suke kira baraka. Yaranki a can suke girma, kuma idan suka ga uwarsu tana baƙin ciki a ranar farin cikin abokansu, za su taso suna ganin ƙasar kamar wurin horo.

Batun tafiya gida shi ne ya fi nauyi, kuma a nan zan gaya miki abin da wataƙila ba za ki so ji ba. Kuɗin jirgin mutum biyar a watan Disamba, lokacin da kujera ta fi tsada, ba abin da za a ƙarar da ajiyar iyali a kansa ba ne saboda biki kawai, balle ga tsarabar da dangi za su sa wa ido. Amma tsufan mahaifiyarki magana ce dabam, domin umarnin girmama iyaye bai faɗi daga kanki ba ranar da aka ɗora muku hannu aka sallame ku. Ki tambayi 'yan'uwanki gaskiyar lafiyarta, ba amsar "lafiya lau" da ake ba na nesa ba. Idan ƙarfinta yana raguwa, ku rubuta wa hukumar da ta aiko ku a kan lokacin hutunku, ko kuwa ki tafi ke kaɗai bayan Janairu ki yi mata mako biyu ko uku, a lokacin da gida ya yi shiru, za ki same ta ku yi hira ba tare da hayaniyar baƙi ba.

Ina tuna samari uku da suka sauka a Legas ranar 4 ga Disamba 1893, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, waɗanda daga aikinsu ekkilisiyoyi da yawa na arewa suka samo asali. Gowans ya baro mahaifiyarsa a Kanada, kuma shi da Kent duk sun rasu a 1894 kafin wani Kirsimetin ya zagayo. Ke Allah ya ba ki abin da su ba su samu ba, wato waya a hannu. Agogon Habasha yana gaban na Nijeriya da awa biyu, don haka ku sa lokaci tun yanzu, bayan an tashi daga majami'a kuma kafin gida ya cika. Ki roƙi ɗaya daga cikin ƙannenki ya kai tsohuwa ɗaki ya riƙe mata wayar, jikokinta su rera mata waƙar da suka koya da harshen mutanen wurin, ita kuma ta sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya.