Kamfani ya ba da kuɗin kwashe robobi daga ruwa: taimako ne ko wanke kai?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ga wani babban kamfanin lemo yana yayata cewa yana ba masu kwashe robobi daga koguna da tekuna gudunmawa. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, ai gorunansa ne suka cika ruwan tun farko. Shin wannan taimako yana da wani tasiri, ko rufa-ido ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Aikin da ake yi da kuɗin na gaske ne, ba zan raina shi ba. Sai dai bai isa ya zama ma'aunin da za ka auna kamfani da shi ba.

Bari mu ɗauki misalin da aka fi sani. Ƙungiyar The Ocean Cleanup, wadda wani matashi ɗan ƙasar Holan, Boyan Slat, ya kafa a 2013, ta fara ne da burin share tarin sharar da ke yawo a Tekun Fasifik tsakanin Hawai da Kalifoniya. A 2019 ta juyo kan koguna da wata na'ura da ta raɗa wa suna Interceptor. A 2021 Coca-Cola ya shigo a matsayin mai tallafa wa aikin kogunan, kamfanin motoci na Kia ya biyo baya a 2022, kamfanin sufurin teku na Maersk kuma ya yi shekaru yana taimakawa da jiragen ruwa.

Na'urar ba ta da wani sarƙaƙiya. Ana shimfiɗa dogon shinge mai yawo a saman ruwa, a karkace shi yadda gudun kogin da kansa zai riƙa tura shara zuwa bakin wani kwale-kwale da aka ɗaure wuri guda. Bel mai juyawa ya ɗebo sharar ya zuba a manyan kwanduna, wutar kuma daga hasken rana take. Idan ka leƙa kwandon bayan an yi ruwan sama, gorunan ruwa ne da ledoji da silifas warin ƙafa da kwanukan abinci na soso, duk sun cakuɗe da ciyawa da rassan itace. An girka irinta a Jakarta, da kogin Klang na Maleshiya, da kogin Ozama a Jamhuriyar Dominika.

Zuba kuɗi a kogi ya fi zuba shi a tsakiyar teku hikima, kuma akwai hujja. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya ƙiyasta cewa koguna sama da 1,000 ne ke kai kashi 80 cikin 100 na robar da koguna ke zubarwa a teku, Pasig na Filifin na kan gaba. A kogi robar tana nan ɗungurungum, a matse wuri ɗaya. Da zarar ta faɗa teku, rana da igiyar ruwa sukan farfasa ta ta koma ɓurɓushi, kifi ya haɗiye, wata ta nutse ƙasa inda ba raga mai kaiwa. Kuma shi tarin Fasifik ɗin nan mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.6, kusan kashi 46 cikin 100 na nauyinsa ragogin kamun kifi ne da aka yasar, ba gorunan lemo ba.

To, yanzu zo mu yi lissafi, don nan ne zarginka yake da tushe. A watan Afrilun 2024 The Ocean Cleanup ta sanar da cewa jimillar sharar da ta kwashe ta kai kilo miliyan 10, wato tan 10,000. An sha wuya kafin a kai nan. Shi kuwa Coca-Cola da bakinsa ya bayyana cewa ya yi amfani da tan miliyan 3 na roba wajen ɗura kayansa a 2017 kaɗai. Raba wannan da kwanakin shekara, za ka samu sama da tan 8,000 kowace rana. Ashe gumin shekaru bai wuce robar kwana ɗaya da 'yan awoyi ta kamfani guda ba. Don adalci, ba duk robar nan ce ke ƙarewa a ruwa ba, amma ka ga tazarar. Ba mamaki ƙidayar sharar da gamayyar Break Free From Plastic ke yi tun 2018 ta riƙa sa sunan kamfanin a sahun farko shekara bayan shekara.

A duniya baki ɗaya ma haka abin yake. Ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki, OECD, ta ce an samar da roba tan miliyan 460 a 2019, kuma kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba aka sake sarrafawa. Famfo a buɗe, ana ta goge ƙasa da tsumma.

Wannan salo na kamfanoni kuwa ba yau aka fara shi ba. Tun 1953 kamfanonin abin sha da na mazubai a Amurka suka taru suka kafa ƙungiyar yaƙi da zubar da shara ta Keep America Beautiful, wadda saƙonta ya karkata kan mai yar da shara, ba mai ƙera ta ba. Shi ya sa ni idan na ji an ba da gudunmawa, ba na tsayawa kan yawan kuɗin. Abin da nake bibiya shi ne: robar da kamfanin ke fitarwa raguwa take ko ƙaruwa? Coca-Cola ya yi alkawari a 2022 cewa nan da 2030 kashi 25 cikin 100 na abin shansa zai riƙa fita a mazuban da ake dawowa da su a sake cikawa. A watan Disambar 2024 ya fitar da sababbin manufofi, aka nemi wancan alkawari aka rasa. Wannan ya fi kowace talla faɗa min inda aka dosa.

Sai kuma tambayar da masu ba da kuɗi ba su cika son ji ba: wa zai biya bayan an ɗauke kyamara? Na'ura tana buƙatar masu juye kwanduna, da motocin ɗauka, da wurin da za a kai sharar. Idan garin ba shi da tsarin kwashe shara, abin da aka tsamo yau yana iya komawa kogin da ruwan sama na gaba. Tallafi na shekara ɗaya da ya sayi na'ura ya manta da albashin ma'aikata, an yi ba a yi ba ke nan.

Akwai hanyar da ta riga ta nuna kanta. A Jamus, kusan duk gorar roba ta sha sau ɗaya ana ɗora mata santi 25 na kuɗin Yuro a matsayin jingina, ka mayar da ita shago a ba ka kuɗinka, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na gorunan suna dawowa. Kamfanin da ka gani a talla, bincika ko yana goyon bayan irin wannan doka a ƙasashen da yake ciniki ko yana yaƙar ta. Duba kuma ɓangaren da ya tsaya a tattaunawar yarjejeniyar roba ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka amince a fara a Nairobi a 2022, aka tashi baram-baram a Busan ta Koriya ta Kudu a 2024 da Janiba a 2025. Babban abin da ya raba kawuna a can shi ne ko za a sa iyaka ga yawan robar da ake ƙerawa.