Na janye jikina daga mutane don neman wadatar zuci: hakan daidai ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta malam. Kusan shekara guda ke nan zuciyata ba ta da sukuni. Duk lokacin da na buɗe waya na ga sa'o'ina suna nuna sabon gida ko mota, sai in ji wani abu ya tokare ni a ƙirji. Ana haka na ci karo da wani guntun wa'azi a intanet, mai maganar yana cewa duk mai neman ƙari a kan abin da ke hannunsa bai yarda da rabon Allah ba, kuma tsira a wannan zamani ita ce nisantar mutane. Tun daga nan na daina zuwa wurin dangi da abokai, na kuma ajiye neman wani aiki da na daɗe ina bi. Shin wannan ita ce ƙana'a? Ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, ciwon ka gane shi, maganin ne aka ba ka ba daidai ba. Abin da ke tokare ka ba zunubi ba ne muddin ya tsaya a zuci, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya, matuƙar ba su faɗa ko sun aikata ba. Idan kana fatan samun irin nasu ba tare da son nasu ya gushe ba, malamai suna kiran wannan gibɗa, kuma ya halatta. Hassada ita ce fatan ni'imar wani ta gushe, ita ce haramun. Ka tambayi zuciyarka wanne take yi.

Ƙana'a kuwa wurinta zuciya ne, ba hannu ba. Manzon Allah (SAW) ya ce wadata ba yawan kayan duniya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci. Bai ce a naɗe hannu ba. Da Abdurrahman bin Auf ya isa Madina ba shi da komai, Sa'ad bin Rabi'i ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka, ya ce a nuna masa kasuwa. Ga ƙana'a ga nema a jikin mutum ɗaya: bai sa ido a kan na wani ba, bai kuma zauna ba. Hadisin tsuntsaye ma da Tirmizi ya ruwaito daga Umar, wanda masu son zama suka fi kafa hujja da shi, cewa ya yi suna sammako da yunwa su dawo a ƙoshe. Ai sai da suka bar sheƙa. Saboda haka ajiye neman aikin nan ba ibada ba ne. In akwai waɗanda ciyarwarsu ke wuyanka kuma abin hannunka bai isa ba, nema wajibi ne a kanka, domin Abu Dawud ya ruwaito cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne guntun magana ɗaya ta raba ka da dangi da neman halal, ba ka tsaya ka tambayi hujja ba. Allah yana cewa a Suratul Isra'i, aya ta 36, kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa, domin ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne. Ibn Sirin ya ce wannan ilimi addini ne, ku duba daga wa kuke ɗaukar addininku. Ba na zargin mai wa'azin. Ta yiwu an yanke maganarsa, ta yiwu da wasu yake, ba da irinka ba. Kuma irin wannan bincike ya kamata ka yi wa hotunan da ke ƙona maka rai. Motar ka gani, bashin da ke kanta ba ka gani ba, daren da mai ita ya kwana ba barci ma ba a ɗauke shi hoto ba. Wani ma abin da yake nunawa ba nasa ba ne, kuma hadisin Asma'u 'yar Abubakar ya kamanta mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufa biyu na ƙarya. Kana auna dukan rayuwarka da abin da wani ya tsince ya nuna.

Batun kaɗaita, gaskiya ne magabata sun yi saɓani a kai, kuma masu fifita ta suna da hadisin Abu Sa'id a Bukhari, na lokacin da mafi alherin dukiyar Musulmi za ta zama tumaki da zai bi kan duwatsu da su yana gudun fitina da addininsa. To amma wannan mai tsoron halakar addininsa ne. Kai nasarar sa'o'inka ka gudu wa, kuma ka tafi da wayar a aljihu: an gudu ba a tsira ba. Wanda ya fi ƙarfi ga irin halinka shi ne hadisin Ibn Umar, cewa mumini mai cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu ya fi wanda ba ya cuɗanya da su.

Don haka hukuncin ya rabu. Rage shiga shafukan nan, ko daina bin waɗanda ganinsu ke tayar maka da hankali, ya halatta, ina ma ba ka shawarar haka, domin ya dace da aya ta 131 a Suratu Ɗaha da ta hana miƙa ido ga abin da aka jiyar da wasu daɗi da shi. Rage zama da abokai ma ba laifi, in babu gaba kuma sallama ba ta yanke ba. Dangi kuwa ba haka ba ne. Sada zumunci wajibi ne, yanke shi yana cikin manyan zunubai, kuma hadisin Jubairu bin Muɗ'im ya ce mai yanke zumunci ba zai shiga Aljanna ba. Shari'a ba ta ƙayyade yawan ziyara ba, amma wanda kake iya takawa ka gani, danna alamar so a ƙarƙashin hotonsa ba ya sauke haƙƙinsa. Zumunci a ƙafa yake. Ka nemi gafarar Allah a kan watannin da suka wuce, ka fara da iyaye in suna raye, sannan mafi kusa, kuma ka koma ka bi aikin nan.

Allah ne mafi sani.