Na sha ƙwayar gaggawa, al'ada ta ƙi zuwa

Tambaya: Anti, ni da maigidana muna tazarar haihuwa, sai aka samu akasi. Washegari na sha Postinor. Yau kwana biyar ke nan da wucewar lokacin al'adata, shiru. In sayi wata in ƙara sha ne?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki ƙara. Wannan ƙwaya ba ta janyo jini, ba ta kuma zubar da cikin da ya riga ya shiga. Sinadarin levonorgestrel da ke cikinta jinkirta fitar ƙwai yake yi, har maniyyi, wanda kan iya kai kwana 5 da rai a jikin mace, ya mutu bai tarar da komai ba. Ita kuwa al'ada tana biyo bayan fitar ƙwai ne da kamar mako biyu. In ƙwai ya makara, ita ma sai ta makara. Wasu matan ma da wuri take zo musu, ko su ga ɗigon jini.

Sai dai ba zan ce ki saki jiki ba. Idan ƙwan ya riga ya fita kafin ki sha, ƙwayar ba ta da wani tasiri, kuma ba ta kare saduwar da aka yi bayan shan ta. Don haka kuɗin nan ki sayi tsinken gwajin ciki da shi. Mai araha ya wadatar, domin da shi da mai tsadar duk sinadarin hCG, wanda jiki ke samarwa in ciki ya shiga, suke nema a fitsari. Lokaci shi ne magana: ki bari kwana 21 su cika daga ranar saduwar, ko al'adar ta makara fiye da kwana 7. Ki yi da fitsarin farko na safe. Layi biyu, ko da na biyun dishi-dishi ne, ciki ne. Layi ɗaya kuma jini bai zo ba, ki sake bayan mako guda, sannan ki ga likita.

Amma in mararki ta murɗa da ciwo mai tsanani, musamman gefe guda, ko jiri ya kama ki, kada ki jira gwaji. Ki tafi asibiti a ranar, don ciki kan zauna a wajen mahaifa.

Tambaya: Kwana huɗu sun wuce da saduwa, wacce ƙwayar gaggawa zan saya?

Amsa: Levonorgestrel cikin awa 72 ake son shan ta. Ki nemi ƙwayar ulipristal, wadda ke kaiwa awa 120, ko a sa miki robar mahaifa mai jan ƙarfe cikin kwana 5. Robar ta fi su duka aiki.