Tambaya da Amsa: "Sun ce da na yaye ta za su zo su ɗauke ta"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Barista. Ni mazauniyar Mabera ce a nan Sakkwato. Aurena ya mutu wata biyar da suka wuce, na gama idda a gidanmu. 'Ya'yanmu biyu, namiji ɗan shekara huɗu da mace mai shekara ɗaya da wata tara, tana kan nono. Namijin tun ranar da na fito aka hana ni tafiya da shi, yana Bodinga wurin kakarsa ta wajen uba, sau ɗaya na sa shi a ido. Yanzu yayan tsohon mijina ya aiko cewa da na yaye yarinyar za su zo su ɗauke ta, wai haka shari'a ta ce, in kuma na ƙi ba za su ƙara ba da ko sisi ba. Babana ya ce ba ya son a ji sunan gidanmu a kotu. Wallahi ko barci ba na iya yi. Akwai hanyar sulhu da ba za ta raba ni da 'ya'yana ba?

Wata uwa daga Mabera

AMSA

Wa alaikumus salam. Allah ya sanyaya miki zuciya, 'yar'uwa. Hanyar sulhu tana nan, kuma ita nake fara nuna wa kowa. Sai dai kada ki zauna zaman sulhu alhali ba ki san haƙƙinki ba, don abin da yayan mijinki ya aiko miki ba shari'a ba ce.

Wannan magana ta "da an yaye yaro ya zama na uba" ita ce ta fi cin raina a aikin nan. Kusan kullum sai na ji ta, har daga bakin masu rawani. Kotunan shari'armu da mazhabar Malikiyya suke hukunci, kuma Risala da ake karantawa a zaurukan garin nan ta faɗa ɓaro-ɓaro: riƙon yaro bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Ba yaye a ciki, ba shekara bakwai. Maganar shekara bakwai da ba wa yaro zaɓi ta wasu mazhabobi ce, ita ma ba ta ce a fizge yarinya daga nono a miƙa wa dangin uba ba. In uwa ta rasu ko ta yi wani aure, riƙon ba wurin uba yake faɗawa kai tsaye ba, wurin kaka ta wajen uwa yake komawa, bayanta 'yar'uwar uwa. Wato ko gobe kika yi aure, Innarki tana gaban kakar da ke Bodinga.

Asalin hukuncin ma sananne ne. Wata mata ta zo wurin Manzon Allah (SAW) tana kukan cewa cikinta ne ya ɗauki yaron, nononta ya sha, a cinyarta yake kwana, ga uban ya sake ta yana son ƙwace shi. Ya ce mata ita ta fi cancanta da shi muddin ba ta yi aure ba. Abu Dawuda ya ruwaito. Imamu Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya ga ɗansa Asim yana wasa a Ƙuba bayan ya rabu da uwar, ya ɗauke shi, kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi, suka je gaban Sayyidina Abubakar, ya ce a bar mata shi. Umar bai ƙara cewa komai ba. To in Umar ya haƙura, wane ne yayan miji?

Abin da ke ƙona min rai shi ne, mafi yawan masu ƙwace yaran nan ba su ne za su riƙe su ba. Uban ya fita kasuwa tun safe. Yaron yana hannun kishiyar uwa da ke fama da nata, ko hannun tsohuwar da ita kanta kulawa take nema. An taɓa kawo min yaro ɗan shekara biyar zaman sulhu, ya maƙale a bayan ƙafar gwaggonsa, kansa duk ƙyasbi, ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa. Da uwarsa ta miƙo hannu sai ya fara duban fuskar gwaggon, yana neman izini. Wasu kuwa daga nan sai tallar da ba ta ƙarewa, ko a tura su wani gari da sunan karatu ba mai leƙa su. Duk wannan don a huce haushin uwar. Alhali Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 233, kada a cutar da uwa saboda ɗanta, kada kuma a cutar da uba saboda ɗansa. Malamin zauren da ke ba da fatawar yaye ba tare da ya buɗe littafi ba, ya sani yana da kamasho a hawayen yaran nan.

Ga inda hatsarin yake, ki buɗe kunne da kyau. A Malikiyya, uwar da ta sarayar da riƙo da kanta ba tare da uzuri irin na rashin lafiya ba, ba lallai ya dawo mata ba in ta nema daga baya. Saboda haka kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a wata takarda da ke cewa kin bar musu, kada kuma ki furta haka gaban shaidu don kunya ko don a zauna lafiya. Kuma tunda al'adarmu ce a kai yaro yaye wurin kaka, ki kai ta wurin Innarki. Yara da yawa da sunan yaye aka tafi da su, ba su dawo ba. Shi ma namijin, ki bayyana tun yanzu gaban manya cewa hana ki shi aka yi, ba ke kika bayar ba. Dogon shiru yana iya zama hujja a kanki.

Batun kuɗi kuwa gajere ne. Ci da sha da sutura da magani na yara wajibi ne a kan uba gwargwadon ƙarfinsa, suna hannunsa ko suna hannunki. Ba a cinikin riƙo da ciyarwa.

Yanzu zaman kansa. Babanki ko kawunki ya nemi mahaifin yaran da waliyyinsa, a samu mutum ɗaya da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa, limamin unguwa ko mai unguwa, amma wanda ya san babin riƙo, ba wanda zai ce "ki yi haƙuri" ya shafa fatiha a tashi ba. Uban yaran ya zo da kansa, kada a yi da saƙon yayansa. A kafa sharaɗi tun farko: ba a zo tone-tonen abin da ya kashe aure ba. Da an fara "ke ce kika yi", "kai ne ka yi", zaman ya watse. Yaran kuma kada su kasance a wurin.

Abin da aka amince a rubuta shi dalla-dalla. "Zai riƙa yin abin da ya sawwaƙa" ba yarjejeniya ba ce. A faɗi nawa ne a wata, ranar nawa ga wata, kuma ta banki, don alat ya zama shaida. In hatsi zai riƙa kawowa, a faɗi kwano nawa. A faɗi wa ke biyan kuɗin boko da Islamiyya, wa za a kira in zazzaɓi ya tashi cikin dare, wa ke ɗinkin Sallah, ina za su yi ƙaramar Sallah, ina za su yi babba. A sa lokacin sake duba kuɗin, don abin da ya isa bana ba zai isa baɗi ba. Shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Na fi so a kai takardar gaban alƙali ya tabbatar da ita, don ranar da wani ya saɓa akwai inda za a kama shi.

Ke ma akwai naki. Riƙo ba mallaka ba ne. Uba yana da haƙƙin ganin 'ya'yansa, da lura da tarbiyyarsu da karatunsu, kuma shi ne waliyyin 'yarsa. Kakar Bodinga ma jininta ne, a sa mata ranakun da za a kai mata su. Kada ki hana shi ganinsu don kuɗin wata ya yi jinkiri, kada ki mai da yaro ɗan aike, "je ka ce wa ubanka". Ki kuma sani riƙo yana da sharuɗɗa, amana da iya kulawa da amintaccen wurin zama, in suka ɓaci alƙali na iya mai da shi ga na gaba.

In sun ƙi zama, ko an zauna sun ƙi dawo da yaron, kada ki je Bodinga ki ɗauko shi da ƙarfi. Ki shigar da ƙara a kotun shari'a mafi kusa, ki nemi riƙo da ciyarwa a tare. Ki je wurin rajistara kai tsaye, ki karɓi rasit na duk abin da kika biya, ki rabu da masu tare mutane a bakin kotu suna cewa sun san alƙali. In ba ki da kuɗin lauya, akwai hukumar ba da tallafin shari'a ta Legal Aid da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA. Ki tanadi takardar saki, da katin asibitin yaran, da saƙon da yayan mijin ya aiko in ta waya ne.

Shi kuwa Baba, a bi shi da ladabi. Ki samu kawunki ko wani malami da yake girmamawa ya karanta masa babin nan na Risala, ya nuna masa cewa alƙalai da kansu sukan fara da neman sulhu kafin hukunci. Ki roƙe shi ya aika wa waliyyin wancan ɓangaren a cikin makon nan, kafin a sa ranar yaye.